Zabirar Bahaguwa

Tun da na dawo daga Toranke ban kaɗa zaren kirki ba. Da na ɗauki mazari sai wata ta leƙo: "Goggo Dije, wai da gaske ruwa ya kai miki wuya?" Ta fita, wata ta shigo. Kowacce kuma in ta kai labarin waje sai ta ƙara masa gishiri, har jiya na ji wai kura ce ta biyo ni. Babu kura. Shi ya sa na zaunar da Malam Iro, ƙanin mijina marigayi, na ce ya rubuta sau ɗaya, yadda na faɗa, ba yadda yake so ba. Wadda ta sake tambaya ta je zaurensa a karanta mata.

Ranar kasuwar Gaya ce, gero ya fara fid da kai. La'asar ta yi, ina tattara kayana a gindin tsamiyar da mu masu zare muke zama, sai na taka wani abu mai laushi. Zabira ce 'yar ƙarama, jar fata ce amma hannu ya mai da ita baƙa, igiyarta ta tsinke. Na ɗaga na yi cigiya. Mata uku suka ce tasu ce. Na ce kowacce ta faɗi abin da ke ciki. Ɗaya ta ce kwalli. Ɗaya ta ce "tarkace dai." Ta ukun ta tuna ta bar tuwo a wuta. Na ƙulle zabira a bakin zanena na taho gida.

Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: allura da sabon zare a jikinta, guntun allin da masu kaɗi muke shafawa a yatsu, ɓarin goro da aka ciza sau ɗaya aka ajiye, sai wani abu mai faɗi da aka ɗinke cikin tsumma. Na ɗauka laya ce. Ni kuwa ba na kwana da layar da ban san abin da ke cikinta ba, don haka na kai wa Malam Iro. Ya zaro wuƙa zai farke, na buge masa hannu.

"Yaya Dije, ni ne fa malamin."

"Kai ne malamin takarda. Zare nawa ne."

Na sa allura na warware ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, na ajiye zaren gefe. Ya buɗe takardar, ya fara karantawa da ƙarfi yadda ya saba, sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Wannan ba laya ba ce. Takardar 'yanci ce. Wani Abubakar ya 'yanta baiwarsa mai suna Baraka, don Allah, gaban shaidu biyu."

"Wane gari?"

"Gumi ya cinye wurin. Abubakar kuwa, kowane gida da nasa. Sai mu ajiye, ko Allah zai sa ta zo cigiya."

Na ce, "Malam, wani lokaci karatun nan naka tsare maka gani yake yi. Matar da aka 'yanta, ta yar da takardarta, ita ce za ta tsaya tsakiyar kasuwa tana shelar ba ta da takarda? Ai ko ni ce sai in yi gum. Kuma duk wanda ya so ya sa mata hannu, da me za ta hana shi?"

Ya naɗe takardar. Ni kuma na koma kan zaren da na warware, don tun ina zare shi yatsuna suke gaya mini wani abu. Mu masu kaɗi da hannun dama, murɗin zarenmu gefe ɗaya yake kwanciya. Na bahaguwa ɗaya gefen yake bi. Masaƙa sun san haka, don in sun haɗa biyun a saƙa ɗaya zanen tattarewa yake yi. Wannan zaren na hagu ne. Na duba na jikin allurar, shi ma haka. Na juya goron, na auna igiyar a kafaɗata. Sai na ce wa Malam ya ɗauko tawada.

Abin da na so shi ne a rubuta kamannin mai zabirar tun ban gan ta ba, a sa a ciki tare da zaren da na warware. In wata ta ce tata ce, a gwada ta da takardar. In kuma ajali ya same ni a hanya, wanda ya tsinci gawata ya san wadda zai nema. Na faɗa, ya rubuta. Amma Malam Iro ba ya iya rubuta ko "an gaishe ka" sai ya sa tauraron da ake ciki. Mutum ne da in ka tambaye shi ko za a yi ruwa, sai ya fara maka daga inda rana ta faɗi bara. Na ce ban sa shi ba. Ya ce takarda ba tauraro kamar miya ce ba gishiri. Na ƙyale shi, don tawadarsa ce.

Da safe na bi masaƙa. Wani tsoho a cikinsu ya murza zaren sau ɗaya ya ce irinsa yana zuwa jifa-jifa a hannun matan Toranke, can bayan Ajingi. Malam ya ce shi zai je. Na ce mai kaɗi a cikin gida ake samunta, inda ba zai shiga ba, kuma na san shi, a zauren farko zai tsaya gardamar taurari har kaka ta yi.

Ni ban taɓa wuce gonakin Gaya ta wannan gefen ba. Allah ya haɗa ni da Tabawa, wata mai daddawa 'yar Gafasa, za ta koma gida ita da mijinta da jakinsu. Matar kirki ce, amma bakinta ba ya hutawa. Kafin mu bar ganuwar gari na san ciwon bayan surukarta da sunan akuyar da ta ɓata mata shekara uku da suka wuce. Ga warin daddawa, ƙuda suna rakiyarmu kamar an gayyace su. Ta tambaye ni abin da zai kai ni Toranke sau bakwai. Sau bakwai na ce zumunci.

Hanya siririya ce tsakanin gero, ya fi mu tsawo, ba ka ganin na gabanka in ya yi taku goma. Mijin Tabawa yana tafe yana kasa kunne, don lokacin duhun gona ne mahara suke son yawo. Ba mu gamu da kowa ba sai masu noma. Abin da ya tare mu rafi ne, an yi ruwa kwana biyu kafin nan ya cika. Ga amsar masu tambaya: ruwan bai kai mini wuya ba, a ƙirji ya tsaya. Na cusa zabira cikin kitsona, na ɗaure ɗankwali tamau, na riƙe wutsiyar jaki. A tsakiya laka ta kama mini takalmi ɗaya. Da na sunkuya da na same shi, amma da kaina ya shiga ruwa. Na bar wa rafi takalminsa. Tabawa ta yi ta salati tana cewa ba ta taɓa ganin wadda ta fi son ɗankwali a kan takalmi ba. Sauran hanyar ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da ƙaya.

Mun isa ƙofar Ajingi bayan la'asar. Mai tsaron ƙofa ya san su Tabawa, ni ce bai sani ba.

"Iya, wa kika sani a garin nan?"

Tabawa ta yi caraf: "Yayar uwata ce."

Na ce, "Ba yayar uwarta ba ce. Yau da safe na san ta. Daga Gaya nake, Toranke za ni, kwana ɗaya nake nema."

Tabawa ta riƙe baki. Mai ƙofa ya dube ni, ya dubi ƙafata mara takalmi, ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce wadda ta ƙi ƙaryar da aka yi don ita ba za ta buɗe wa ɓarawo ƙofa ba, in wuce. Shi ya nuna mini gidan Ya Falmata, inda baƙi mata suke sauka. Nan muka rabu da Tabawa. Ta tafi tana fushi, ta dawo ta danƙa mini daddawa biyu, ta sake tafiya tana fushi.

Gidan Ya Falmata na Barebari ne, kakanninsu suka zo daga gabas, su a nan aka haife su. Hausarsu ras, amma gaisuwar tasu ce har yanzu. Mu a Gaya in an tambayi gida da gajiya da ruwa an gama. Su kuwa "wushe, wushe" suke yi, a yi shiru, ka ɗauka an ƙare, sai a ɗauko daga farko. Ina durƙushe, gwiwoyina sun gaya mini. Da na yi wanka na zauna a kan kujera, ban ankara ba sai na ga hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin zanena. Na yi tsalle ina neman ruwa. Matan gidan suka faɗi ƙasa don dariya. Ashe kaskon turaren wuta aka tura mini, karramawar baƙuwa ke nan a wurinsu. Mu sai amarya muke yi wa haka, kuma muna gaya mata tukuna. Ya Falmata ta ce, "Yi haƙuri, Goggo. Amma kin shigo mana da daddawa tun daga ƙofa." Gaskiya ta faɗa, ban musa ba.

Aka kawo burabusko, tsakin gero ne da aka turara, kowane ƙwaya a warwatse, da miyar kuka da man shanu. Ni na saba da tuwon da zan yanka in ji shi a hannu, wannan yana gudu tsakanin yatsu. Amma na cinye, kuma da an ƙara ba zan ƙi ba.

Na lura da Ya Falmata tun shigata: ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba, kuma ta tsawata wa wadda ta so tambaya. Irin wannan ake gaya wa magana. Bayan an ɗebe kwanuka na ce mata ina neman wata bahaguwa mai kaɗi a wajen Toranke.

Ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Baraka? Ta gidan Malam Abubakar? Allah sarki. Ai ya rasu. Gobe da hantsi ake rabon gado. Babban ɗansa Mati ya dawo daga fatauci, ya sa ta cikin kayan da za a raba. Ta ce an 'yanta ta tun tuni, ya ce ina takarda. Shaidun nata ɗaya ya mutu, ɗaya ya tafi hajji bai dawo ba."

Na miƙe na ɗauki ɗankwalina. Ta riƙe mini zane.

"Ina za ki? Rana ta faɗi, yanzu za a rufe ƙofa. Ko mene ne kika ɗauko, gawa ba ta kai saƙo. Zauna."

Ba a saba ce mini zauna in zauna ba. Na zauna.

Da asuba ta ba ni takalmanta, sun yi mini yawa, ta haɗa ni da wasu Fulani masu nono da za su bi ta can. Matan nan ba tafiya suke yi ba, shawagi suke yi, ƙwarya a ka, ba sa ko waiwaye. Ni ina baya ina jan takalman aro, faf, faf. Sau biyu babbarsu ta tsaya ta yi kamar tana gyara gammo, don in cim musu ba tare da na roƙa ba. Na gani, kuma ban manta ba.

Gidan yana wata unguwa bayan Toranke. Na tarar da maza sun cika ƙofar zaure, an shimfiɗa wa liman buzu, an fito da fartanya da tukwane da sirdi an jera, awaki a ɗaure. Ba wanda ya kula da tsohuwa, na ratsa na shiga ciki. A bayan rumbu na gan ta, zaune kusa da turmi, hannuwa a cinya, ba ta yin komai. Mai kaɗi ba ta zama haka sai abin ya kai. Gajeriya ce, ta manyanta. Na ciro mazarina na miƙa mata. Ta karɓa da hagu.

"Me kika yar a Gaya?"

Ta ɗago. Bakinta ya buɗe, na ga giɓin da goron ya nuna mini, a sama, gefen dama.

"Allura," ta ce. "Alli. Goro." Ba ta kai ga takardar ba. Ta kama ƙafata da hannu biyu.

Na ce, "Sake ni, 'yar nan, takalman ba nawa ba ne. Me ya kai ki Gaya da ita?"

Ta ce alƙali ta so nuna wa, da ta ji ana ƙus-ƙus a gidan. Ta fake da sayar da zare, ta kai ƙofar gidansa sau biyu, tsoro ya hana ta shiga. Sai a hanyar dawowa ta shafa ta ji wayam.

Ta miƙo hannu. Ban ba ta ba. A bayan rumbu, abin da aka ba ka ana iya ƙwace shi a bayan rumbu. Na ja ta har bakin zaure, na yi sallama da ƙarfi, na durƙusa na ajiye zabira a kan buzun liman.

"Allah ya gafarta malam, tsintuwa na kawo daga Gaya. A buɗe a gaban jama'a."

Liman ya karanta takardar 'yancin. Mati, wani dogo mai rawani, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hannun babana ne, ban musa ba. Amma Baraka biyu ya mallaka. Ɗaya ta rasu ina saurayi. Wa ya ce ba ta waccan ba ce? Takarda ba ta da fuska."

Wasu suka gyaɗa kai. Na ce, "Akwai wata takardar a ciki. An rubuta ta a Gaya tun ban san hanyar garin nan ba."

Liman ya warware ta, ya karanta:

"Zuwa ga wanda wannan ta faɗa hannunsa. An tsinci zabirar nan a kasuwar Gaya, kwana huɗu da shigar tauraron Ɗarfa. Ba mu san mai ita ba, amma ga ta. Mace ce mai kaɗi, ga allinta. Bahaguwa ce, ga murɗin zarenta. Gajeriya ce, igiyar ba ta kai ƙugun mace matsakaiciya ba. Tana da giɓi a sama ta dama, ga goronta, a gwada. Ba ta da almubazzaranci, sau ɗaya ta ciza ta ajiye. Zaren da aka ɗinke takardar 'yanci da shi ya tsufa har ya yi baƙi. Zaren jikin allura na bana ne. Hannu ɗaya ya kaɗa su. Saboda haka wadda ta ɗinke takardar nan shekarun baya tana raye, tana kaɗi. Wanda ya ce tasa ce, a ba shi mazari."

Wani tsoho ya tuntsire da dariya a wurin nan na ƙarshe. Liman bai yi dariya ba. Ya sa aka kawo auduga. Baraka ta zauna a ƙasa gaban maza, zaren ya tsinke sau biyu. Na ce mata, "Shafa alli. Ba su ne suka koya miki ba." Ta shafa. Mazari ya juya ta hagu, ya yi ta juyawa. Liman ya kira masaƙin unguwar, ya jera masa zare uku a tafin hannu: baƙin, na allura, da wanda aka kaɗa yanzu. Masaƙin ya murza kowanne a yatsa.

"Hannu ɗaya ne. Shekara nawa ina faɗa da zaren nan a saƙata."

Sai wata murya ta fito daga bayan katanga, ta matar marigayin, wadda ba ta ce uffan ba tun da aka fara. "Waccan Barakar ko gurzar auduga ba ta iya ba. Wannan aka 'yanta. Ina tsaye aka rubuta." Ban tambaye ta inda bakinta yake kwana arba'in ɗin nan tun rasuwarsa ba. Ba garina ba ne.

Mati ya daɗe yana kallon goron. Sannan ya ce, "A cire ta daga rabo. Allah ya jiƙan baba." A nan na yaba masa, bai ja ba.

Liman ya ce zai sake rubuta mata wata da sababbin shaidu, masu rai. Ya kuma ba ni saƙo in kawo wa wanda ya rubuta ta Gaya: wai takarda ta yi kyau, amma ranar nan kwana biyar ne da shigar Ɗarfa, ba huɗu ba. Malam Iro ya ajiye alƙalami a nan, ya ce huɗu ne. Rubuta, Malam. Saƙo aka ba ni.

Ina godiya ga Tabawa da jakinta, da mai ƙofar da ya yi mini dariya, da Bafulatanar da ta gyara gammon da bai karkace ba. Ya Falmata na mayar mata da takalmanta a hanyar dawowa, ta ƙi karɓa, ga su nan ina ja har yau. Shi ma mai rubutun nan na gode masa, ko da yake ba zan maimaita ba.

Kafin in baro gidan, Baraka ta biyo ni bakin hanya. Ba ta da abin ba ni, na sani, ita ma ta sani. Ta buɗe zabira ta ciro goron nan. Ya bushe kamar tsakuwa, ya sha gumin kaina, ya bi hannun liman da na Mati da na rabin unguwa. Ta ɗora a kan dutse ta fasa shi biyu, ta miƙo mini ɓangaren da babu cizo, da hagu.

Duk Gaya an san ni, ba na cin ragowar kowa, kuma ba a miƙo mini abu da hagu.

Na karɓa na ci.